Iri Mai Kyau Ma Sai An Yi Masa Noma



Na sayar da masara buhu shida na saya wa ɗana kwamfuta, da ya shiga shirin 3MTT wanda gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023. Yana gina cikin manhaja, inda ake ajiye lissafi. Ƙirƙirarriyar basira ke taya shi rubutu. Ya tsara mata ƙa'idoji ya adana, kamar yadda nake ajiye iri, kowane sabon aiki sai ya ɗauko su.

Rannan ta ninka bashin wata kwastomata, wallahi da bai duba ba da mun ɓata. Matasa, ku iya aikin da kanku tukuna.

Naku, Manomi,
Sabon Tasha, Kaduna.