Me Ya Sa Kwamfuta Take Tsada?

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta zalla. Saboda haka iyaye da dama a Ɗan Isa da Ƙauran Namoda suna son saya wa 'ya'yansu kwamfuta, amma in sun ji kuɗinta sai jikinsu ya yi sanyi. Wasu kan zargi 'yan kasuwa, alhali kuwa tushen tsadar yana can nesa.

A cikin kwamfuta akwai waɗansu ƙwayoyi masu yin lissafi. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai zana duk hoton da muke gani a fuskar na'urar, kuma a manyan kwamfutoci tana zaune ne a kan wani allo da ake kira katin hoto. Girmanta bai wuce na kan sarki ba. Da silikon ake yin ta, shi kuwa daga yashi ake tace shi. To, yaya abin da asalinsa yashi ne zai yi tsada haka?

Dalili na farko shi ne wahalar ƙira. Kamfanin Nvidia na Amurka, wanda ya fi shahara da katin hoto, tsara ƙwayar kawai yake yi. Mai ƙera mafi yawanta shi ne TSMC na Taiwan, wanda aka kafa a 1987. Injin da ke zana mafi sirantar layukanta kuwa, kamfanin ASML na Holan kaɗai ke yin sa, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 100. Ƙwaya takan yi wajen wata 3 ana aikinta, ƙura kaɗan kuma tana iya ɓata ta.

Na biyu shi ne yawan masu nema. In gero ya yi tsada a kasuwar Shinkafi, manomi sai ya ƙara gona da damina. Masana'antar ƙwaya kuwa sai an shekara da shekaru ana gininta. Da cutar korona ta tsare mutane a gida a 2020, kowa ya nemi kwamfuta, ƙwaya ta yi ƙaranci. Bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, manyan kamfanoni suka yi ta wawar irin waɗannan ƙwayoyi, maƙera kuma suka fi karkata ga mai biya da tsoka.

Na uku shi ne kuɗinmu. Da dala ake sayo kayan nan. A farkon 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a farashin gwamnati, amma a Fabrairun 2024 ta kai kusan Naira 1,500.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu matsa wa iyaye a kan mai katin hoto. Ita ta masu zanen gini ce da masu haɗa fim. Koyon buga rubutu da shirin jarrabawa, ƙarama ta hannu mai lafiya ta ishe mu. Da ma Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki.