Danjar Baƙin Mai Ba Ta Jiran A Isa Gida

A cikin fitilun da ke gaban direba akwai wata ja mai siffar buta, da ɗigo a bakinta. Da an murɗa makulli takan kama, inji na tashi kuma ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haka aka yi ta. Abin tsoro shi ne ta kama mota na cikin tafiya, ko ta ƙi mutuwa bayan an tayar.

Direbobi da yawa sun ɗauka cewa take yi mai ya ragu, a ƙara in an samu sarari. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. A ƙasan inji akwai kaskon da baƙin mai ke taruwa. Famfo ne ke zuƙo shi ta wata 'yar rariya, ya bi da shi ta filta, ya tura shi cikin siraran hanyoyi har zuwa metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai. Muddin turin na nan, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, don akwai shimfiɗar mai tsakaninsu wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Inji mai lafiya kan yi tafiya da ƙarfin turi na kimanin bar 2 zuwa 4 a ma'aunin turi, amma a yawancin motoci danjar ba ta kamawa sai ya faɗo wajen rabin bar. Ke nan kafin ta yi magana an riga an kai gargara. Karanshaf da ke juyi sau 3,000 a minti yana zagayawa sau 50 a kowace daƙiƙa, saboda haka 'yan mintoci kaɗan sun isa metal ya cinye, inji ya buga.

Abin yi ɗaya ne: a sa sigina, a gangara gefen titi, a kashe inji. Gaskiya ne akwai hanyoyin da tsayawa cikin daji ba ƙaramin abu ba ne, balle da dare. In haka ta kama, a lallaɓa zuwa wuri mafi kusa da ke da mutane, amma a san cewa da ran injin ake biyan kowace kilomita.

Bayan minti biyar zuwa goma, in mai ya koma kasko, sai a buɗe bonet. A zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa; motar kuma ta kasance a wuri mai daidai, ba a gangare ba. In man yana ƙasa da alamar ƙasa, a ƙara irin wanda littafin motar ya ce. A ƙananan motoci da dama tazarar alamomin biyu wajen lita 1 ce, kuma cikawa ya wuce alamar sama shi ma ɓarna ne, domin karanshaf zai kaɗa man ya yi kumfa. A leƙa ƙarƙashi ko yana zuba. Sannan a tayar: in danjar ta mutu nan take kuma babu baƙuwar ƙara, a wuce gareji a hankali a binciki inda man ya tafi.

Mafi haɗari shi ne a tarar mai a cike, danja kuma tana ci. Nan ne ake ruɗin kai, a ce ai waya ce ta taɓa. Ta yiwu na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace, kuma ba ta da tsada. Ta yiwu kuma famfo ne ya gaji, ko dauɗar tsohon mai ta toshe rariya saboda jinkirin juye, ko metal ya riga ya saki. Daga kujerar direba ba a bambance su. A nemi janwe. Bakaniken ƙwarai zai kwance na'urar ya ɗaura geji a gurbinta, ya karanta ainihin ƙarfin turin, aikin da ba ya cin rabin awa.

Akwai kuma danjar da ke ƙyafta ido kawai in inji ya yi zafi a cunkoso, ta mutu da an taka totur. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda akan haura digiri 40, mai yakan ƙara tsinkewa, sai lalacewar da ke ɓoye ta fito fili. Maganin da aka fi bayarwa shi ne a zuba mai kauri, 20W-50, har a injin da aka ƙera don 5W-30. Danja kan yi shiru, ciwon yana nan. Man kwalba na bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, shi ma yana da hannu a irin wannan.

Mafi munin dabara ita ce cire ƙwan fitilar ko tsinke wayarta. Don haka mai sayen motar hannu ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya duba: in butar nan ba ta kama ba, ya tambayi dalili tun kafin a shiga ciniki.