Ƙasusuwan da ke kwance a hamadar Nijar

Uwargida, in ɗanki ya nuna miki hoton dainoso ya tambaye ki ko da gaske an yi su, kada ki ce masa tatsuniya ce. An yi su, kuma ƙasusuwan wasunsu na kwance a Gadufawa, cikin hamadar Tenere da ke jihar Agadas a Nijar.

Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi tono a wurin tun shekarun 1960. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya je da ayarinsa, kuma a 1999 suka raɗa wa wata dabba suna Nigersaurus, don tunawa da ƙasar. Tsawonta ya kai mita 9, haƙoranta sun haura 500, ganye take ci. Ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da koguna ke gudana inda yau sai yashi.

To, yaya ake fito da ƙashin? Ba da gaggawa ba. Masu bincike kan yini suna tafiya ido a ƙasa, har su hango bakin ƙashi da iska ta tone. Sai su durƙusa da burushi da tsinken ƙarfe suna share yashi kaɗan-kaɗan. Ƙashin ya zama dutse, amma yana da saurin rugujewa, don haka ake ɗiga masa gam. Kafin a motsa shi sai an ɗauki hoto an zana inda yake, domin kwanciyarsa ma labari ce.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne ɗaurin. Farin garin nan da muke jiƙawa mu naɗe karaya a asibiti, shi suke tsoma tsumman buhu a ciki su lulluɓe ƙashin da ƙasar da ke jikinsa. In ya bushe, a juya shi a naɗe ɗaya gefen, a ɗora a mota. Gogewa a ɗakin bincike kan ci watanni, wani lokaci shekaru.

Saboda haka in kin ga aljihun yaronki cike da duwatsu, kafin ki zubar, tambaye shi me ya gani a jikinsu. Wannan aiki daga irin kallon nan yake farawa.