Ribar Gas ɗin Bonny da Kuɗin Manomin Ajingi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar gas ta shiga bakin kowa a ƙasar Gaya. Masu noman rani da dama sun mayar da injin ban ruwa ya koma aiki da tukunyar gas. Da kaka kuwa, idan manomin Ajingi ya sayar da riɗi ko gyaɗa ya riƙe 'yan kuɗi, akan sami mai turo masa saƙo a waya cewa ga kamfanin gas yana karɓar jari, riba duk wata. Arzikin gas gaskiya ne, ba na musu. Amma babbar ƙofarsa a rufe take ga talaka, kuma duk wanda ya ce makullinta na hannunsa, a tuhume shi.

Gas ɗin da ake wannan magana a kansa, LNG, daban yake da na girki. Iskar da ake haƙowa daga ƙasa ce ake sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifili, ta koma ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600, sannan a loda ta a jiragen ruwa na musamman zuwa Turai da Asiya. Babban mai wannan aiki a ƙasarmu shi ne kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a Jihar Ribas. An kafa shi a 1989, jirginsa na farko ya tashi a 1999, yau yana da layukan sarrafa gas shida masu iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, ana kuma gina na bakwai da zai kai shi tan miliyan 30. Masu shi huɗu ne kacal: NNPC na da kashi 49, Shell 25.6, TotalEnergies 15, Eni 10.4. Ba ya cikin kasuwar hannun jari ta Legas, saboda haka babu dillalin da zai iya sayar wa mutumin Ajingi hannun jarinsa ko na naira ɗaya. Wanda ya tuna rushewar tsare-tsaren zuba kuɗi na bogi, MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a Afrilun 2025, ya san yadda alƙawarin riba duk wata yake ƙarewa, da yadda yake cinye kuɗin aure da na taki.

Za a ce ai akwai ƙananan ƙofofi. Akwai su. Seplat Energy yana kasuwar Legas da ta Landan tun 2014, Aradel ya shiga a 2024, Oando ya daɗe a ciki, kuma dukansu suna haƙo gas. Ana sayen hannun jarinsu ta dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, a buɗe wa mutum asusu da sunansa a CSCS, inda ake ajiye hannayen jari. Sai dai wanda ya saya ya san abin da ya saya: kamfanoni ne da ɗanyen mai ke juya akalarsu, farashinsu na bin farashin ganga da darajar naira. Kada ma a ruɗu da suna, domin TotalEnergies ɗin da ke kasuwar Legas na gidajen mai ne, ba shi ke riƙe da kaso a Bonny ba. Ga Musulmi kuma akwai tambayar bashin ruwa da ke kan kamfani, kuma jerin Lotus na kamfanonin da suka dace da Shari'a wuri ne na fara bincike.

Hujja mafi ƙarfi ta masu zuga mutane ita ce duniya na ƙishirwar gas. Shekarar 2022 suke nunawa, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya cilla farashi a Turai sama da yuro 300 kan kowane megawat na awa ɗaya a watan Agusta. Ba sa faɗin cewa kafin shekara ta zagayo ya faɗo ƙasa da yuro 50. Ba sa faɗin cewa a Oktoban wannan shekarar ambaliya ta sa NLNG ya sanar da abokan cinikinsa cewa ba lallai ya iya cika alƙawari ba. A 2023 Amurka ta zama kan gaba wajen fitar da LNG, Ƙatar ma tana faɗaɗa nata, kuma manomi ya fi kowa sanin abin da ke samun farashin tumatir idan kowa ya kai kasuwa rana ɗaya. Kuɗin da za a buƙata kafin damina bai dace da irin wannan kasuwa ba. Kuɗin da mutum zai iya mantawa da shi shekara biyar ne kawai ya dace.

A ganina rabon Arewa ya fi yawa a gas ɗin da zai zauna a gida. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, ya kuma wuce wa'adinsa ba sau ɗaya ba. Kafin ya iso, manyan motoci ne ke ɗauko LNG daga Kudu, kamar yadda ake ciyar da tashar lantarki mai megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a 2023. Idan gas ya wadata a Kano, injin casar shinkafa da na matsar gyaɗa za su sami wuta mai sauƙi, kuma nan ne jarin ɗan Gaya da Ajingi zai yi aiki a gaban idonsa, haka ma shagon cika tukunya mai lasisi. Kashi 49 ɗin nan na NNPC kuwa dukiyar 'yan ƙasa ce. Dokar man fetur ta 2021 ta mayar da NNPC kamfani, an sha alƙawarin sayar wa jama'a hannun jarinsa, kuma wakilanmu a majalisa ne ya kamata su riƙa tambayar yaushe, da nawa za a ware wa ƙananan masu saye.