Eton: makarantar da ake buga ƙofarta tun yaro na da shekara 10

Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara. In akwai wurin da wannan magana ta zauna daram, to ƙofar Eton ce, makarantar kwana mai zaman kanta da ke gaɓar kogin Tamiz, daura da fadar Windsor, kimanin kilomita 35 yamma da birnin Landan. Yaro ba ya shiga ajinta sai ya kai shekara 13, amma uban da ya jira wannan lokaci kafin ya kai takardu, sai ya tarar kasuwa ta watse tun shekara uku da suka wuce.

Sarki Henri na 6 ne ya kafa makarantar a shekarar 1440, domin yara 70 ƴaƴan talakawa su yi karatu kyauta. Yau ɗalibanta sun kai kimanin 1300, dukkansu maza, dukkansu a nan suke kwana, kowa da ɗakinsa shi kaɗai. Firaministocin Birtaniya 20 ne suka zauna bisa bencinta, na baya-bayan nan David Cameron da Boris Johnson; Yarima William da ƙanensa Harry ma can suka yi karatu. Wannan suna ne iyaye ke bi daga Ingila da wajenta, shi ya sa masu nema suka fi gurabe yawa nesa ba kusa ba.

A da, abin ba shi da wuya ga wanda ya gada. Uban da ya yi Eton yakan sa a rubuta sunan ɗansa tun yana cikin zanen goyo, a wajen malamin da ke riƙe da ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai, sa'an nan ya koma ya jira yaro ya girma. An soke wannan al'ada. Yanzu wajibi ne a yi rajista kafin ƙarewar shekarar karatun da yaro ke cika shekara 10. Da shigowar shekara ta gaba sai ya zauna jarrabawa ta farko bisa kwamfuta: Ingilishi, lissafi, da gwajin kaifin basira da kalmomi da zane-zane. Na'urar tana da wayo: in yaro ya amsa daidai ta ƙara tsananta tambaya, in ya kuskure ta sassauta, har ta gano iyakar ƙarfinsa. Ana haɗa sakamakon da rahoton da daraktan lakwal ɗinsa ya rubuto a kan halinsa da ƙwazonsa.

Waɗanda suka tsallake, ana kiransu Eton ɗin kanta, su sake wani gwaji, kana kowa ya zauna hira da wani malami ido da ido. Daga nan ne ake raba su uku: wanda aka yi wa alkawarin gurbi, wanda aka ajiye a jerin jira, da wanda aka sallama. Alkawarin ma da sharaɗi, domin yana shekara 13 sai ya ci wata jarrabawar kafin a buɗe masa ƙofa.

Ma'aikacin da ya saba da konkur irin na tsarin Faransa, inda ake ɓoye sunan ɗalibi a maƙale kusurwar takarda don kada mai gyara ya san ɗan wane ne, zai yi mamakin wannan hira. A nan ba a ɓoye komi. Yaron ake so a gani. Me yake karantawa in ba a tilasta masa ba? Yana kiɗa, ko wasan motsa jiki? Zai iya kare ra'ayinsa gaban babba ba tare da ya sunkuyar da kai ba? Makarantar na cewa ta haka take gano mai hazaƙar da alƙalami bai nuna ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai yaro ɗan shekara 11 da ya iya zance da baƙo cikin natsuwa, galibi a gida ya koya, gidan da akwai littattafai da tafiye-tafiye. Da yawa daga cikin masu ci kuwa sun fito ne daga ƙananan makarantun kuɗi waɗanda sana'arsu ke nan, shirya yara don wannan rana, ga kuma malaman da ake biya su zo gida da marece. Wato abin da ake aunawa a ɗakin hira, an fara sayensa tun yaro bai san sunan Eton ba.

Sai batun kuɗi. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ana biyan fam 52.749 a shekara. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta Keir Starmer ta ɗora harajin TVA na kashi 20 cikin ɗari kan kuɗin makarantu masu zaman kansu daga ranar 1 ga Janairun 2025, Eton kuwa ta juye nauyin duka bisa iyaye, kuɗin ya haura zuwa kusan fam 63.000, sama da sefa miliyan 45. Karatun shekara biyar ne. Ɗan kasuwa ya buga lissafi da kansa. Iyayen da ke zaune a wata ƙasa, ban da biza da kuɗin jirgi, sai sun samar wa yaro waliyyi a Ingila wanda zai karɓe shi lokacin hutu. Dalilin da ya sa mutane ke jure wannan ɗawainiya ba ɓoyayye ba ne: wani bincike na cibiyar Sutton Trust a 2019 ya nuna kashi 7 cikin ɗari na yaran Birtaniya ne ke makarantun kuɗi, alhali kashi 65 na manyan alƙalan ƙasar daga can suka fito.

To ina wasiyyar Sarki Henri? Har yanzu akwai ɗalibai 70 da ake kira ɗaliban Sarki, suna zaune a tsohon ginin makarantar, suna yafa baƙar alkyabba bisa tufafinsu. Kimanin 14 ake ɗauka kowace shekara ta wata jarrabawa mai tsanani, amma basira ake dubawa, ba talauci ba. George Orwell, marubucin nan, ta wannan hanya ya shiga a 1917. Sassaucin kuɗi kuwa daban ake nemansa: iyaye su baje albashinsu da dukiyarsu a takarda, makaranta ta yanke abin da za su iya. Kusan yaro ɗaya cikin biyar na samun ragi, wasu ma ba sa biyan ko dala. Ga wanda ranar rajista ta wuce shi, an bar ƴar ƙofa a shekara 16, don shekara biyun ƙarshe, har da wasu gurabe na tallafi ga yaran makarantun gwamnatin Birtaniya, waɗanda aka raɗa wa sunan Orwell.