Hasken Leza Mai Saurin Walƙiya: Yadda Yake Yanka Ba Tare Da Ƙuna Ba

Akwai nau'in hasken leza da ba ya fita a miƙe kamar na tocila, sai dai ya yi walƙiya ya ɗauke. Ana auna tsawon walƙiyar da femtosakan. A raba daƙiƙa ɗaya gida biliyan, kowane gida a sake raba shi gida miliyan, to ɗaya daga ciki shi ne femtosakan. Haske na cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma cikin femtosakan 100 ba ya ƙetare kaurin silin gashi.

Ƙarfin wannan haske daga matsi yake zuwa. Idan ka danna buhu da tafin hannu ba zai huje ba, amma tsinin allura zai ratsa shi. Haka makamashi kaɗan yake zama gagarumin ƙarfi idan an cusa shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Da farko irin wannan ƙarfi yakan lalata na'urar da ke ƙara shi. A 1985, a Jami'ar Rochester da ke Amurka, Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano mafita: a miƙar da walƙiyar ta yi tsawo, a ƙara mata makamashi, sannan a sake matse ta. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2018. Kafin nan, a 1999, Ahmed Zewail ɗan Masar ya samu tasa saboda amfani da irin wannan walƙiya wajen bin diddigin yadda sinadarai ke haɗuwa da rabuwa.

Da yake walƙiyar na ƙarewa kafin zafi ya bazu, tana yanka wurin da aka nufa, gefensa bai ƙone ba. Shi ya sa ake amfani da ita a tiyatar gyaran gani da yankan gilashin waya. Ana kuma cire yanar ido da taimakonta, sai dai na'urar na da tsada, kuma tiyatar da aka saba ma tana dawo da gani. Don haka mai yanar ido kada ya jinkirta ganin likita yana jiran leza.

A cibiyar ELI-NP ta ƙasar Romaniya, walƙiya ɗaya ta kai fetawat 10, wato wat biliyan sau miliyan 10. Masana na fatan irin wannan ƙarfi zai rage girman na'urorin da ke harba ƙwayoyin furoton don maganin ciwon daji, ta yadda ƙarin asibitoci za su iya mallakarsu.