Bayanin simintin cike rami: abin da mai buntu da mai siminti ya kamata su sani

 Ga bayanin wata haja da muke takewa da ƙafa, wato buntun shinkafa da ke jibge bayan injin casa.

Ku sani masu haƙar ma'adini in sun nutsa ƙarƙashin ƙasa, irin yadda aka yi a Ririwai ta ƙasar Kano don kuza da tutiya, kafin farashin kuza ya faɗi a Landan a 1985, sukan bar kogo a ciki. In ba a cike shi ba, wata rana sai ya rufta da mutane ko da gonar da ke bisansa. Dabarar ita ce a kwaɓa garin dutsen da aka tace da ruwa da ɗan siminti, a tura ta bututu, ya daskare a can. Simintin kaɗan ne, kamar kashi 3 zuwa 7 cikin 100, amma shi ke cin fiye da rabin kuɗin cikon.

Me ya sa yake tsada? Wuta ce. A Ashaka, ko Kalambaina ta Sakkwato, sai an gasa dutsen farar ƙasa da zafin digiri 1,450. Ga kuɗin makamashi, ga hayaƙi. Masana'antun siminti ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Shi ya sa ake neman abin da zai rage shi a kwaɓi: kashin ƙarfe na masu narka tama, da tokar gawayin kwal, da gasasshen farin yumɓu irin na Ƙanƙara da Alƙaleri, wanda digiri 800 ya ishe shi, sai kuma tokar buntu.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Magina na da suna ƙona katsin marina, su haɗa da gashin jima da dafara, su sami laso, wanda ake shafe karofi da soro da shi, ruwa bai ratsa shi.

Ga lissafin buntu. Shinkafa shanshera in an casa ta, kamar ɗaya bisa biyar na nauyinta buntu ne. In an ƙona buntun, kamar ɗaya bisa biyar ke zama toka. Ke nan kilo 100 na shinkafa toka kilo 4 zai bayar. To, kun ga riba sai mai tarawa da yawa. Kuma ba kowace toka ba. Wadda ta sha wuta fiye da digiri 700 ta mutu, ba ta kamawa. Baƙa ƙirin kuwa ba ta ƙone sosai ba. Mai kyau fara-fara ce, an niƙe ta luƙwi, ba ƙasa a ciki, ba ta jiƙe ba. Ita kaɗai kuma ba ta daskarewa, sai da siminti ko lemun farar ƙasa.

Sai gargaɗi, kuma shi ne kan magana. Ƙarfin da ake nema ga cikon rami bai fi ɗaya bisa goma na kankaren gini ba. Wanda ya ji labarin nan ya je ya zuba toka cikin buhun siminti mai kilo 50 ya ɗinke ya sayar, wannan algus ne, kuma ɗaki zai faɗa wa 'ya'yan wani. Gaurayawa aikin masana'anta ne, da awo da gwaji. Mai saye ya duba ɗinkin buhu, ya murza garin a tafin hannu.

Mai buntu kuwa ya kiyaye shi daga ruwa da ƙasa, ya tambayi mai nema abin da zai yi da shi kafin ya yanke farashi.